Na'urar masu minshari ba ta oksijin ba ce

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar an ga mutum ya kwanta da takunkumi a hanci, tiyo na haɗe da wata 'yar na'ura, sai a hau salati, wai oksijin aka sa masa, huhunsa ya gaza. Ba haka ba ne. Iskar ɗaki na'urar ke zuƙa, ta tace ƙura, ta tura ta hanci.

Matsalar a maƙogwaro take. Idan barci ya yi nauyi, naman wurin kan saki ya toshe hanya, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, a yi ta maimaitawa har asuba. Ga minshari, ga gyangyaɗi da rana, ga hawan jini. Iskar na'urar riƙe hanyar a buɗe kawai take yi, mutum da kansa yake numfashi, don haka huhu ba ya sangarcewa.

Wani nau'in na'urar da ake kira APAP yana bibiyar numfashi, ya ƙara ƙarfin iska idan hanya ta fara rufewa, ya sassauta idan ta buɗe. Wanda na fi tausaya wa shi ne direban babbar mota mai wannan ciwo, yana gyangyaɗi tsakanin Ngaundere da Kuseri, kunyar na'ura ta hana shi ganin likita.