Majalisar Wakilai ta Tarayya: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta ta da Majalisar Dattawa?

Yadda aka raba kujeru. A Dattawa kowace jiha sanata uku gare ta, babba ce ko ƙarama, Abuja kuma ɗaya, shi ya ba da 109. A Wakilai kuwa yawan jama'a aka duba wajen raba kujeru 360. Kano da Legas suna da 24 kowacce, mu a Sakkwato 11. Da yake ƙananan hukumominmu 23 ne, biyu-biyu aka haɗa su, kamar Isa da Sabon Birni, ko Gudu da Tangaza, in ban da Dange-Shuni da Bodinga da Tureta da suka haɗu su uku a kujera ɗaya. Babu ƙudurin da ke zama doka, har da kasafin kuɗi, sai majalisun biyu sun amince da shi.

Yaushe aka kafa ta?

Ta girmi 'yancin kai. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ne ya samar da ita, ta fara zama a Legas a 1952. A zaɓen 1954 wani malamin makaranta ya shige ta daga Sakkwato ta Yamma, wato Shehu Shagari. Jaja Wachuku ne ɗan ƙasa na farko da ya zama kakaki, a 1959, sai Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya karɓa a 1960, ya riƙe har juyin mulkin Janairun 1966.

Daga nan sai faɗi-tashi. Duk sanda soja suka karɓe mulki, kotuna na ci gaba da zama, ma'aikatu na buɗe, majalisa ce ake garƙamewa. Ta dawo a 1979, aka rufe ta a ƙarshen 1983, ta leƙo a 1992, aka sake korar ta a 1993. Sai daga 1999 ne ta samu zama ba yankewa.

Wa ke naɗa kakaki? Ba shugaban ƙasa ba ne?

A'a, ko da yake yawancin shugabanni sun so a ce su ne. 'Yan majalisa ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ranar da aka rantsar da su, kuma tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na mambobi.

Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar dogon bayani a nan. A 2011 PDP ta ware kujerar ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. 'Yan majalisa suka yi kunnen uwar shegu, suka haɗa kai da 'yan adawa, suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal mai wakiltar Kebbe da Tambuwal da ƙuri'a 252, ita kuma 90. A Oktoban 2014 ya koma APC yana kan kujerar, aka janye masa jami'an tsaro, a Nuwamba 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa har wasu mambobi suka haura ta sama. Duk da haka bai sauka ba sai a ƙarshen Mayun 2015, da zai hau kujerar gwamnan Sakkwato. A 2015 ma haka aka yi wa APC, Yakubu Dogara ya kayar da Femi Gbajabiamila da jam'iyya ke so.

Kujerar tana da santsi kuma. Salisu Buhari ya yi murabus a 1999 kan takardun bogi, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Patricia Etteh, mace ta farko a kujerar, watanni kaɗan ta yi a 2007. A ganina majalisar ta fi amfani a lokutan da kakakinta bai ci bashin fadar shugaban ƙasa ba, kodayake rigimar ma tana cin lokacin aiki. A 2023 Tajudeen Abbas na Zariya ya hau da ƙuri'a 353, kusan ba hamayya.

Su wa ke biye da shi?

Mataimakin kakaki, sai shugaban masu rinjaye mai gabatar da harkokin gwamnati, da shugaban marasa rinjaye, da bulalar majalisa mai tsawatarwa, kowa da mataimakinsa. Akwai kuma akawun majalisa, wanda ma'aikaci ne ba ɗan siyasa ba, da jami'in da ke shigowa da sandar majalisa gaban kakaki. In sandar ba ta kan teburi, zama bai zaunu ba, shi ya sa in rikici ya ɓarke kowa ita yake kai wa wawura.

Amma ainihin aikin a kwamitoci yake. Can ake tsefe kasafin kuɗi, can ake kiran ministoci su yi bayani.

In wakilinmu ya tafi Abuja ya manta da mu fa?

Akwai kiranye, sai dai hawansa da wuya. Fiye da rabin masu rajista a mazaɓar ne za su sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya mafi sauƙi ita ce zaɓe mai zuwa, kuma tun gyaran 2018 ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar kujerar.