Bashin karatu na NELFUND ba kyauta ba ne

An daɗe ana ɗaukar bashin gwamnati kamar rabon ganima, kuma haka wasu ke kallon bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda aka fara bayarwa a 2024. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma sai an biya: shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka.

Makaranta ake tura wa kuɗin karatun kai tsaye, naira 20,000 ta wata-wata ce ke shiga asusunka. In ka riga ka biya daga aljihunka kafin NELFUND ta tura kuɗin, wajibi ne makarantar ta mayar maka da kuɗinka. Jami'in makarantar da ya yi gum a kan kuɗin ya ci amana, domin da sunanka bashin yake. Adana rasit ɗinka, ka kai shi ofishin kuɗin makaranta.