Waiwaye: Fentin masu zanen muhalli a Legas da inda ruwan burushinsu ke zuwa

Tun da aka haramta farar robar zuba abinci a Legas a Janairun 2024, muhawarar shara ta shiga har ɗakunan nunin zane na Ikoyi da Lekki. Masu zane marar siffa, wato wanda launi da layi kawai ke magana a cikinsa, suna baje allunan da ke nuna kukan tafkin Legas da dazukan bakin ruwa da ake cikewa da yashi. Masu suka kuma na tambaya: shi fentin da aka yi kukan da shi, da me aka haɗa shi?

Farkon labarin sananne ne. Aina Onabolu ya kafa zanen fuska da fentin mai a Legas. A 1958 ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka ce a haɗa dabarar Turawa da ta gida. Bahaushe dai bai ga baƙon abu a zane marar siffa ba, domin dagi da adon bangon soro ba su taɓa kwaikwayon fuskar kowa ba, kuma da jar ƙasa da makuba ake aikinsu.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986, shekarar da aka karya darajar Naira. A 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya, zuwa 1987 sai an ba da wajen Naira 4 kafin a sami Dala ɗaya. Fentin mai da kyallen zane na waje suka fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Wasu suka koma yin aikinsu da tarkace, har yau kuwa 'yan jari bola suna samun ciniki wurinsu. Da yawa kuma suka rungumi fentin bango da akirilik mai araha. Ga uzuri mai ƙarfi: a laimar Legas fentin mai kan yi kwanaki bai bushe ba, akirilik kuwa cikin awa guda ya kama.

Sai dai akirilik ƙananan ƙwayoyin roba ne da aka gauraya da ruwa. Da yake da ruwa ake wanke shi, ba da kananzir ba, sai aka ɗauka ba shi da illa, ruwan wankin ya riƙa bin kwata zuwa tafki. Zane marar siffa kuma kan ci fenti da yawa: allo babba, a kwarara launi a karkata shi, abin da ya zube ƙasa a ɗauraye. Wasu fentin ja da rawaya masu tsada na ɗauke da kadmiyam, ƙarfe mai guba.

Maganin yana hannun mai sayar da alif. A fara goge burushi da tsumma kafin ya taɓa ruwa. A tara ruwan wankin a bokiti, a narkar da kimanin giram 10 na alif ga kowace lita 4, a motsa, a bar shi ya kwana. Da safe launin ya kwanta a ƙasa, sai a tsiyaye na sama, a tace lakar da kyalle, a shanya ta ta bushe ƙayau kafin a sa a shara. Idan alif ya yi yawa ruwan kan yi tsami, lakar ta ƙi haɗuwa, dole a ƙara ruwa a sake jira.