Gigin tsufa: mene ne shi, kuma wa ke da shi?

Duk wanda ke kunna shirin siyasa a rediyo kwanan nan ya san kalmar da ta zama tuwon sojojin baka. Dattijo ya bar jam'iyya, gigin tsufa ne. Ya soki gwamnati, gigin tsufa. Ya yabe ta, 'yan adawa ma su ce gigin tsufa. Tun muhawarar Joe Biden da Donald Trump a watan Yunin 2024, da janyewar Biden daga takara a watan da ya biyo baya, kalmar ta ƙara samun kasuwa, kowa ya zama likita. Shekaranjiya a cikin keke daga Terminus zuwa Bauchi Road a Jos na ji wani saurayi yana liƙa ta ga wani tsohon gwamna, fasinjoji na ta dariya. Ni ban iya dariyar ba, don na yi shekara shida gida ɗaya da mai wannan lalura.

Mu fara da gigi kansa. Bahaushe ya fi saninsa a gigin barci: ka tashi yaro tsakar dare, idonsa biyu, yana magana, amma bai san inda yake ba, ya nufi bango yana neman ƙofa. Daga nan gigita da gigicewa suka fito. Abin lura shi ne, gigi ba ra'ayi ba ne, ba kuma hali ba ne. Abu ne da ke faɗa wa mutum ya raba shi da sanin wuri da lokaci da fuskokin da ke gabansa. Mai gigin barci ba ya iya shirya ƙarya, ba ya iya lissafin riba. To dattijon da ya auna inda gwamnati ta karkata ya sauya sheƙa ana saura wata uku zaɓe, a kira abin da ya yi da kowane suna, amma hankalinsa garau yake.

Inda kalmar ta fi cutar da mu kuwa shi ne rabinta na biyu. Da muka jingina gigin ga tsufa, sai muka ɗauka kamar furfura ne, kowa ya daɗe zai same shi. Ba haka ba ne. Tsufa yana rage ido da kunne, yana taɓa gwiwa, yana sa sunan wanda ka sani ya kwanta maka, sai bayan ka idar da sallah ya faɗo maka a rai. Tsoho kan ɗauki lokaci kafin ya koyi sabuwar waya, amma yana koya. Mahathir Mohamad ya koma kujerar firaministan Malesiya a 2018 yana da shekara 92. Kuma kowace unguwa a Jos tana da tsohon da in rikicin gado ko na iyakar fili ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wurinsa ake zuwa, ya jero wa ya sayar wa wa tun zamanin En'e.

Abin da muke ce wa gigin tsufa na gaske cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda 'yan jarida ke kira cutar mantuwa, likitoci kuma dimenshiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Mafi yawanta nau'in Alzaima ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906, kuma matar da ya gano cutar a jikinta shekarunta 51 kacal lokacin da aka kawo masa ita. Wani nau'in daga jijiyoyin jini yake, hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ne ke share masa hanya, shi ya sa nake jin zafi in na ga dattijo ya ajiye maganin hawan jini wai ya ji sauƙi. Wani dogon bincike da aka fara a farkon shekarun 1990 ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanapolis na Amurka, aka tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Da shekaru kaɗai ke kawo ta, da ba a ga wannan bambanci ba.

Goggona a Unguwar Rogo ta yi shekara fiye da talatin tana tuyar masa. Ba da mantuwar suna abin ya fara ba. Wata safiya aka same ta tsaye gaban tanda da ludayi a hannu, ta rasa me ake fara zubawa, mai ko ƙullu. Daga baya ta soma ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Wata biyu gidan ba a ga-maciji, har aka kusa saki, saboda babu wanda ya kawo cuta a ransa, kowa cewa yake Goggo ta canza hali. Za ta ci tuwo ta wanke hannu, minti goma ta ce yau an hana ta abinci. Amma ka tambaye ta zamanin kuza, ta lissafa maka matan da suke wankin kuza tare, da wadda ta fi kowa cika kwano. Ni kuma sunan mahaifina take kirana da shi. Da magariba ta doso sai ta ɗaura mayafi ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take, gidan da take nufi na ubanta ne, wanda aka rushe tun ban zo duniya ba.

Ranar da ta fice ba mu sani ba, cikin sanyin Disamba, a wajen Dilimi aka tsince ta ba takalmi. Allah ya sa wani mai shayi ya gane ta. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin mun sha jin yadda ake taruwa a kan tsohuwar da aka gani da asuba tana sambatu, a ce mayya ce ta faɗo, a tambaye ta ta amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba.

Akwai kuma ruɗewa ta uku da ake cusawa cikin wannan suna, ita ce ma ta fi kama da gigin barci. Tsohon da jiya lafiya lau, yau ya kasa gane 'ya'yansa, wannan ba cutar mantuwa ba ce, don ita a hankali take tafiya, wata da watanni. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da ya yi masa ƙarfi. In an kai shi asibiti da wuri yakan dawo hayyacinsa. In aka ce ai tsufa ne, a bar Baba ya huta, ana iya rasa shi a kan abin da ke da magani.

Alƙur'ani ma bai ce kowa ne zai yi gigin tsufa ba. A Suratun Nahli, aya ta 70, cewa aka yi daga cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga wannan hali. Abin da ake neman tsari daga gare shi ne muka mayar abin jifan abokin hamayya, har ta kai wani maƙwabcinmu ya kulle mahaifiyarsa a ɗakin baya, yana jin kunyar a ce tana da shi.

Mu sai a shekara ta uku muka kai Goggo wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya gaya mana gaskiya cewa ba a warkewa, ya daidaita mata hawan jini, ya ce mu daina musu da ita. Daga ranar, in ta ɗaura mayafi da magariba, ba ma cewa mahaifinta ya rasu, don kullum sabon kuka take yi kamar yau ta ji. Sai in zauna a bakin tabarmarta in ce, Goggo, kafin ki tafi, ba ni labarin gidan nan naku. Takan kwance mayafin ta fara daga bishiyar mangwaron da ke ƙofar gida.