Mene ne "rage illa" a maganar shaye-shaye?

A 'yan shekarun nan, in ana taro kan shaye-shaye ko ana hira da likita a rediyo, da wuya a tashi ba a ambaci "rage illa" ba. Wasu da sun ji sai ransu ya ɓaci, a zatonsu ana nufin a sakar wa 'yan ƙwaya mara su sha son ransu. Ba haka ba ne. Ana nufin duk matakin da za a ɗauka don kada ƙwaya ta kashe mai shanta, ko ta sa masa cutar da zai daɗe yana jinya, ko ta raba shi da danginsa, ko da kuwa a yau bai shirya dainawa ba. Dainawar ita ce burin kowa, amma sai yaron yana raye za a yi zancenta.

Tsarin ya samo asali ne a Turai lokacin da cutar ƙanjamau ta ɓulla tsakanin masu yi wa kansu allurar hiroyin. Mutum biyar sai su yi amfani da allura ɗaya, cutar ta bi jini ta kama su duka. A 1984 aka fara karɓar tsohuwar allura ana ba da sabuwa a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, birnin Libaful na Ingila ya bi sahu, kuma a can aka yi taron duniya na farko kan batun a 1990. Nijeriya ta gwada rabon allura mai tsabta a 2020 a jihohin Gombe, Oyo da Abiya.

Sai dai matsalar Kano ba ta allura ba ce zalla. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muggan ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka sha wani abin maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da sigari. Masu allura a cikinsu kimanin dubu 80 ne kawai. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Abin da ya fi yawo a lungunanmu wiwi ne, da tiramol, da kodin, da ƙwayar barci ta roci, da sholisho. Akwai masu allurar fenta, wani maganin kashe zafin ciwo mai kama jiki, har da wasu masu sikila da suka fara ta don ciwo ta zame musu jiki, kuma su ma suna buƙatar allura mai tsabta saboda ƙanjamau da ciwon hanta. Amma wanda zai kwaso tsarin Turai yadda yake ya dasa a Kurna ko Ɗorayi bai fahimci garin ba.

To, a nan me ake nufi da shi a aikace? Ɗauki abin da kan faru in yaro ya sha ya wuce ƙima. An same shi a soro yana wani irin minshari, an girgiza shi bai motsa ba, numfashinsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa ya sauya launi, baƙin idonsa ya tsuke. Abokansa na farko gudu suke yi, don tsoron a ce su suka ba shi. 'Yan gida kuma sai a sheƙa masa ruwa, wani ya ce a ɗura masa madara ko manja, wata ta ce a bar shi ya yi barcinsa zai wartsake. Ɗurar nan kan iya bi ta huhu ta ƙarasa shi, barcin nan kuma wani ba ya tashi daga shi. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi ta gefe yadda in amai ya zo ba zai shaƙe shi ba, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi Adaidaita Sahu a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, har kwalbar ko takardar ƙwayar a tafi da ita. Akwai magani mai suna nalokson da ke dawo da numfashin wanda kodin ko danginsa suka danne cikin 'yan mintuna. Ƙarfinsa yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya farfaɗo sai an ci gaba da lura da shi. Ba ya aiki kan roci, ba ya kuma hana jijjigar da tiramol ke jawowa in an sha da yawa. Haɗa kodin ko tiramol da ƙwayar barci kuwa, wanda samari ke yi don cajin ya ƙara ƙarfi, yana cikin manyan hanyoyin da numfashi ke ɗaukewa. Unguwar da mutum goma suka san wannan ta riga ta fara rage illa, ko ba ta taɓa jin sunan ba.

Wani abin da iyaye ba su cika sani ba: lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan an sako yaro daga kurkuku ko gidan mari. Jikinsa ya manta da ƙwayar, shi kuma bai manta da adadin da ya saba sha ba. Abin da a da yake ɗauka ya tafi majalisa, yanzu yana iya kai shi kushewa. Haka wanda ya daɗe kan ƙwayar barci, in aka yanke masa rana ɗaya yana iya faɗuwa yana jijjiga. Likitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano a hankali suke rage ta. Mari da bulala ba su san wannan ba, kuma kowa ya ga halin da aka samu mutum sama da 300 a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019.

Ba aikin likita ba ne shi kaɗai, shi ya sa ake jingina shi ga al'umma. Ɗan ƙwaya ba ya kai kansa asibiti, amma kullum yana wucewa ta gaban mai shayi, mai kemis ya san shi, mai unguwa ya san ubansa. Wanda ya fi kowa iya yi masa magana kuwa shi ne wanda suka sha tare ya daina, don ɗan ƙwayar ba zai iya yi masa ƙarya ba. Uban da ya ce "na sallama shi" ya kore shi daga gida, daba ya miƙa wa shi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai dai mun fi faɗa da baki.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa abin da Allah ya haramta ta yaya za a koya wa mutum yadda zai yi shi lafiya? Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin fiƙihunmu: in cuta biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Ba wanda ya halatta maye. Iran da Maleshiya, ƙasashen Musulmi masu tsananin hukunci kan fataucin ƙwaya, duka suna rabon allura mai tsabta, suna kuma ba da metadon, maganin da likita ke bai wa wanda hiroyin ta kama don ya iya rayuwa ba tare da ita ba. Maleshiya ta fara metadon a 2005. NDLEA da Hisbah su ci gaba da bin dillalai, wannan ba ya karo da wancan. Ko da gwamnati ta hana kodin na ruwa a watan Mayun 2018, hanin bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen mata. Binciken 2018 ɗin nan ya ce ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce. Namiji a bakin titi yake sha, ana ganinsa. Mace a uwar ɗaka take sha, in ta faɗi kuma abin da za a fara tunawa shi ne kada maƙwabta su ji, kada maganar aure ta lalace, kada miji ya sake ta. Mai unguwa ba ya shiga can, tsohon mashayi ma ba ya shiga. Malamar Islamiyya, ungozoma da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi su ne ke da hanyar shiga, kuma su ya kamata a fara koya wa alamomin ɗaukewar numfashi.