Sabulun injin wanke-wanke: wanne ne ba ya cutar da muhalli, wanne ne kwalinsa kawai aka yi wa koren fenti?

Duk wanda ya sayi injin wanke kwanuka, bayan murna ta lafa abu na gaba da yake cin karo da shi shine wane sabulu zai dinga zubawa, kuma yanzu kusan kowane kwali ka ɗaga sai ka ga hoton ganye ko ɗigon ruwa a jiki ana ce maka wannan abokin muhalli ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai da amsoshinsu.

Wai me sabulun wanke kwano zai yi wa muhalli, ba ruwa ne yake tafiya da shi ba?

Ai tafiyar ce matsalar, domin ruwan ba ɓacewa yake yi ba, ƙarshensa kogi ko tafki. Shekara da shekaru babban sinadarin da ke cikin wannan sabulu shine fosfet, kuma gaskiya yana aiki, yana kama kalsiyam da magniziyam na cikin ruwa ya hana su liƙewa a jikin kofi, ya kuma taimaka wajen ɗaga maiƙo. To amma fosfet taki ne, irin dai abin da ake zuba wa shuka. Idan ya taru a tafki sai gansakuka ta samu abinci ta yi ta yaɗuwa har ta rufe saman ruwa, in ta mutu ta fara ruɓewa ƙwayoyin da ke cinta su zuƙe iskar oksijin ɗin cikin ruwan, kifi ya rasa abin shaƙa ya taso sama a mace.

Shi yasa aka fara taka masa birki. A Amurka yankin Spokane na jihar Washinton ne ya hana shi tun 2008, kuma abin dariya mutane suka dinga tuƙa mota zuwa jihar Aidaho da ke maƙwabtaka suna sayo tsohon sabulun saboda sabon na lokacin baya wanke musu kwano yadda suka saba. A watan Yuli na 2010 jihohi sama da goma suka bi sahu da doka cewa kada fosfaras, wato sinadarin da ke cikin fosfet, ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na sabulun, daga nan manyan kamfanoni suka ga ba riba su dinga haɗa kala biyu sai suka cire shi a duk ƙasar. Tarayyar Turai kuma daga 1 ga Janairu 2017 ta ƙayyade giram 0.3 na fosfaras a kowane wanki ɗaya. Ba ko'ina ake da irin wannan doka ba fa, saboda haka juya kwalin ka karanta.

Toh da aka cire fosfet ɗin me suke sawa a madadinsa?

Galibi sitiret, wato gishirin sinadarin tsamin nan da ake samu a lemo, sai wasu biyu da za ka gani an rubuta MGDA ko GLDA. Duk aikinsu ɗaya da fosfet, kama ma'adinan ruwa, bambancin kawai su suna ruɓewa cikin sauƙi kuma ba taki bane. Sai enzayim guda biyu waɗanda a ganina sune suka ceci sabulun zamani, ɗaya yana narkar da furotin kamar busasshen ƙwai ko madara da ta kama, ɗayan yana cin sitaci kamar ragowar shinkafa ko dankali, kuma basa buƙatar ruwa ya tafasa kafin su yi aiki. Na uku shine bilicin oksijin, sodiyam fakabonet, shi ke cire tabon shayi da kofi, in ya gama aiki ya koma ruwa da oksijin da soda.

Waɗanda ni nake kauce musu in na gansu: EDTA, shi ma mai kama ma'adinan ruwa ne, don baya ruɓewa da wuri. Benzotiriyazol, ana sa shi ne don kare cokulan azurfa daga dusashewa, matatun ruwan datti basa iya cire shi duka shi yasa ake tsintarsa a koguna, kuma tsakani da Allah mutum nawa ne ke wanke azurfa a inji? Sai bilicin kulorin. Sai turare da kala, waɗannan kam ba abin da suke ƙara wa wankin, ƙamshin lemon nan don hancinka aka sa ba don faranti ba. Akwai kuma fosfonet, sunan ya yi kama da fosfet amma ba abu ɗaya bane, kaɗan ake sawa, sai dai shi ma yana da taurin kai wajen ruɓewa, in ka samu wanda babu shi ya fi.

Idan kwalin kore ne an kuma rubuta "daga tsirrai" ko "na halitta" ba shikenan ba?

A'a. Waɗannan kalmomi kowa zai iya bugawa, babu mai kama shi. Sabulu zai iya zama ɗan kaso kaɗan ne daga tsiro sauran duk abin da aka saba, kuma ko da daga tsiron ne hakan baya nufin baya cutar da kifi. Abin da ake dubawa shine tambarin wata hukuma daban wadda ba ita ta yi sabulun ba. Akwai Blue Angel na Jamus tun 1978, akwai Nordic Swan na ƙasashen arewacin Turai tun 1989, akwai EU Ecolabel mai hoton fure tun 1992, sai Safer Choice na hukumar kare muhalli ta Amurka. Abin da ya sa nake ganin girman na Turan nan shine ba sinadarai kaɗai suke dubawa ba, dole sabulun ya ci jarabawar wanki, domin sabulun da zai sa ka kunna inji sau biyu ai ya ci ruwa da wuta ninki biyu, ina amfanin baɗi ba rai.

In babu tambari ko ɗaya to a kalla kamfanin ya jera abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɓoye jerin ya cika kwali da hoton daji, ajiye masa kayansa.

Gari, ƙwaya, jel ko ɗan ƙunshin nan mai leda, wanne ya fi?

Ni dai gari nake zaɓa, kuma dalilina ɗaya ne babba: kai ke auna shi. Yau kwanukan ba su yi datti sosai ba sai ka zuba rabi, gobe an yi baƙi an tara tukwane sai ka cika. Ƙwaya kuwa an riga an auna ta ne don inji cike da kaya masu datti, ko kofi goma ka saka haka za ta narke duka. Gari kuma yawanci a kwalin takarda yake zuwa. Aibinsa in danshi ya shige shi yana dunƙulewa ya rage ƙarfi, kada a ajiye shi a buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda ruwa ke ɗiga.

Jel shine na baya a wajena. Mafi yawansa ruwa ne aka ɗura a robar da za a yi ta jigila da ita, sannan a cikin ruwa bilici da enzayim basa zama tare, bilicin yana kashe enzayim ɗin, don haka sai dai a baka ɗaya a hana ka ɗaya.

Ɗan ƙunshin kuma, ledar da ke narkewa ɗin nan sunanta PVA, kuma ana ta jayayya a kanta. Masu yinta suna cewa ƙwayoyin halitta na matatar ruwan datti suna cinye ta tas, wasu masu bincike kuma suna cewa narkewa daban ruɓewa daban, sukari ma yana narkewa a shayi amma yana nan a ciki, kuma ba kowace matata ce ke ba ta lokacin da za ta ruɓe ba. Wanda baya son shiga wannan rigima ya sayi gari ko ƙwaya tsirara wadda ba a naɗe ta da komai ba.

Na canza zuwa mara fosfet sai kofunan gilashi suka fara fitowa da fari-fari, sabulun ne bashi da kyau?

Sau da yawa ruwanka ne. In ruwan gidanku mai nauyi ne, irin wanda sabulu baya kumfa da kyau a ciki kuma yake barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, to ma'adinan ne ke bushewa a jikin gilashin. Gwaji mai sauƙi: jiƙa kofi ɗaya a ruwan khal, wato binega, na ƴan mintuna, in farin ya fita to ma'adinai ne. Maganinsa, in injinka yana da ramin gishiri a ƙasa ka cika shi da gishirin inji na musamman, ba na girki ba, ka saita shi daidai da nauyin ruwanku, ka kuma zuba ruwan ɗauraya na musamman da ake sayarwa don inji a ma'ajinsa.

In kuma ka jiƙa farin bai fita ba, wannan labari ne daban, gilashin ne ya ci, kuma baya gyaruwa. Abin mamaki wannan yafi faruwa ga masu ruwa mara nauyi da suke zabga sabulu da yawa. Kaga a nan ƙara sabulu ƙara ɓarna ne.

Ba zan iya zuba sabulun ruwa na wanke-wanken hannu ba, ko in haɗa nawa a gida?

Na hannu kam kada ka soma. An yi shi ne don ya yi kumfa, na inji kuma an yi shi don kada ya yi. Na taɓa gwadawa ranar da nawa ya ƙare, ɗan matsi ɗaya ne wallahi, kafin minti goma kumfa ta fara fitowa ta ƙasan ƙofar injin, a ranar na goge kicin ba shiri.

Haɗin gida kuma da ake yayi, soda da gishiri da ruwan khal, babu enzayim babu bilici a ciki, zai ɗauraye kwano mara datti amma ƙwai da ya bushe yana nan yana kallonka. Soda da khal ma in sun haɗu kashe juna suke yi. Yawan zuba khal a inji kuma yana iya cinye robobin da ke toshe ruwa. Abu ɗaya da ba wasa a ciki, kada khal ko wani abu mai tsami ya haɗu da bilicin kulorin, iskar da ke tashi guba ce.

Sai na ɗauraye kwanukan kafin in jera su?

Kankare ragowar abinci ka zuba a shara ya isa. Injin zamani yana gama wanki da ruwa wajen lita 10, ɗaurayar da za ka yi famfo a buɗe ta fi haka cin ruwa. Da yawansu ma suna da na'urar da ke duba dauɗar ruwa su yanke shawarar yadda za su yi wankin. Ka bari injin ya cika kafin ka kunna, ka danna tsarin eko, wato wanda aka yi don rage cin ruwa da wuta. Mutane suna ganin yana ɗaukar awa uku ko fiye sai su ɗauka wuta yake sha, alhali yawancin wutar inji a dumama ruwa take tafiya, shi kuma eko a wajen digiri 50 yake tsayawa ya bar enzayim su yi aikinsu a hankali. Matatar da ke ƙasan injin kuma a dinga cire ta ana wankewa, sau da yawa ƙorafin da ake ɗora wa sabulu toshewarta ce.

Tunda na muhalli ne, ba komai ko yaro ya taɓa?

Da komai sosai. Ko mai tambari goma ne sabulun inji yana da kaifi fiye da na hannu, yana ƙona baki da maƙogwaro da ido, ƙunshin nan masu kala kuma yaro gani yake alawa ce. A sa shi a sama ko a kabad mai makulli, kada a zuba a inji sai lokacin da za a rufe a kunna, a kuma duba ramin sabulun bayan wanki don wani lokaci ragowa tana maƙalewa a ciki daidai tsayin mai rarrafe. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsafta na kamar minti 15. In yaro ya haɗiya kada a sa shi amai, a wanke masa baki a wuce asibiti da kwalin a hannu don likita ya ga abin da ke ciki.