Waiwaye: Kwaɗon kamfani da mabuɗin ɓarawo a tarihin na'urorin gem

Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Jos a shekarun 2000 ya san gidan gem. Ɗan shago ne mai benci biyu, talabijin uku ko huɗu a jere, janareta na ƙugi a baya, yara sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna jiran layi ya zo kansu su buga ƙwallo. Kusa da ƙafar mai shagon akwai jakar faya-fayai, wasu ma da maka aka rubuta sunayensu. Mu dai ba mu taɓa tambayar abin da ya sa faifan ke da arha haka ba. Sai da na girma na riƙe faifan PlayStation ta farko na asali, mai baƙin baya, cikin kwalinsa da ɗan littafinsa, sannan na gane ashe duk shekarun nan kayan sata muke bugawa, kuma kowace na'ura a shagon sai da aka farke cikinta aka dasa mata cif kafin ta yarda ta karanta su.

Wanda ke son fahimtar zafin da kamfanonin ke ji sai ya fara sanin inda kuɗinsu yake, domin galibi ba a jikin na'urar yake ba. Lokacin da PlayStation 3 ta fito a 2006, masu bin diddigin kasuwa sun ƙiyasta cewa Sony na faɗuwar dala 240 zuwa 300 a kan kowace guda da ya sayar. Harkar ta yi kama da ta kamfanin waya da ke raba layi kusan kyauta don ya ci riba a kati. Duk wanda zai fitar da wasa a kan na'urar sai ya biya mai ita kuɗin lasisi, kuma a kan kowane kwafi da aka sayar akwai kasonsa. To ka ga mutumin da ya sayi na'ura ya tafi da ita wurin mai gyara aka sa mata cif, bai sake sayen wasa na asali ba har ta mutu, ya karɓi layin ne ya ƙi sa kati.

Sai dai ba don ɓarayi aka fara ƙera kwaɗon ba. Atari 2600, wadda ta fito a Amurka a 1977, ba ta da wani makulli. A 1979 wasu ma'aikatan Atari suka ɓalle suka kafa Activision, suka nuna cewa kowa ma zai iya haɗa kaset ɗinsa ya kai kasuwa. Nan da nan kasuwa ta cika da tarkacen wasanni marasa kan gado, masu saye suka gaji, a 1983 harkar ta durƙushe, har Atari da kansa ya kwashi kaset-kaset da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shugaban Nintendo na lokacin, Hiroshi Yamauchi, ya ɗauki darasi. Da za a kai na'urarsu Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka sa mata wani cif mai suna 10NES: ɗaya a cikin na'ura, ɗaya a cikin kaset, idan ba su yi musabaha ba wasa ba zai tashi ba. Da wannan kwaɗon Nintendo ya riƙe wuyan masu haɗa wasanni. Shi ke buga musu kaset, shi ke ƙayyade cewa kamfani ba zai wuce wasa biyar a shekara ba. Wanda ya fara fasa kwaɗon nan da ƙarfi ma ba ɗan bayan fage ba ne, kamfanin Atari Games ne, wanda lauyoyinsa suka je ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka a 1988 suka karɓo sirrin 10NES da hujjar ƙarya cewa shari'a ce ta buƙace shi. Kotu ta ba Nintendo gaskiya a 1992.

A Japan kuwa, Famicom, uwar NES da ta fito a 1983, babu wannan cif a cikinta. Masana'antun Taiwan da China suka kwaikwaye ta, suka cika duniya da jabunta. A Rasha sunanta Dendy, mai tambarin ɗan giwa, ta samu karɓuwar da a 1994 Nintendo ya ga gara ya ƙulla yarjejeniya da dillalanta su sayar masa da sabuwar na'urarsa. Irin waɗannan jabun ne suka iso kasuwanninmu da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa 9999 a ciki, ka kunna ka tarar wasa biyar ne ko shida ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban.

Kwafin kaset dai sai mai masana'anta. Faifan CD ne ya kawo satar cikin ɗaki. Nintendo ya hango haka, shi ya sa ya tsaya a kan kaset lokacin da ya fitar da Nintendo 64 a 1996, ga kuma saurin tashin wasa da kaset ke da shi. Gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago: kaset na da tsada, ba ya ɗaukar kaya da yawa, manyan masu haɗa wasanni irin su Square suka tattara suka koma wurin Sony. A ƙarshe Nintendo 64 ta tsaya a wajen miliyan 33, PlayStation da aka fi yi wa sata ta haura miliyan 100.

Dabarar Sony ita ce wata 'yar lanƙwasa da ake sakawa a farkon layin faifai, wadda injin kwafi na gida ba ya iya bugawa, a cikinta kuma aka ɓoye alamar yankin da faifan ya fito, Japan ko Amurka ko Turai. Aikin cif ɗin da masu gyara ke dasawa shi ne ya riƙa yi wa na'urar ƙarya cewa ta ga alamar. Wanda ba shi da kuɗin cif kuma yana da tasa dabarar: ya danne ɗan maɓallin murfi da tsinke ko cingam, ya sa faifan asali ya fara juyawa, da na'ura ta gamsu sai ya fizge shi ya ɗora na jabu tun bai tsaya ba. Yatsu da yawa sun sha karta a nan. Amma lura da cewa kwaɗo ɗaya ne ke hana faifan sata, shi ne kuma ke hana wanda ya sayi faifan asali a Japan ya kunna a na'urar Turai. Wannan cakuɗewar ta ba masu cif abin kafa hujja, har a 2005 babbar kotun Ostareliya ta goyi bayan wani mai dasa cif, Eddy Stevens, a ƙarar da Sony ya kai shi.

Idan ana maganar kamfanin da satar fasaha ta kashe, sunan Sega ne ke fara zuwa baki. Na'urarsa Dreamcast ta fito a Japan a ƙarshen 1998, a Amurka kuma ranar 9 ga watan 9 na 1999, da faifai na musamman mai suna GD-ROM da ake ganin ba ya kwafuwa. Ashe Sega da hannunsa ya bar taga a buɗe. Ya sa wa na'urar damar kunna wani nau'in faifan waƙa mai ɗauke da manhaja, MIL-CD, wanda kusan ba wanda ya damu da shi. A tsakiyar 2000 wata ƙungiyar 'yan kutse mai suna Utopia ta shigo ta wannan tagar. Daga nan ba sai an buɗe na'ura ba, ba sai an nemi mai gyara ba, faifan CD na banza da kwamfuta sun wadatar. Ranar 31 ga Janairun 2001 Sega ya sanar da cewa ya daina ƙera na'ura. A ƙarshe Dreamcast ta tsaya a miliyan tara da 'yan kai.

Labarin na da daɗin faɗa, amma ni ban yarda cewa ɓarayi ne suka kashe Dreamcast ba. Sega ya shigo ne da raunin asarar da ya tafka a kan na'urarsa ta baya, Saturn. Kamfanin EA, mai wasannin ƙwallo, ya ƙi yi masa ko wasa ɗaya. PlayStation 2 ta fito a Maris na 2000 tana kunna fim na DVD, jama'a suka riƙe kuɗinsu suna jiran ta. Kuma da satar ce matsalar, ai na'urar da wasanninta suka zama kyauta kamata ya yi a yi wawasonta a kanti, sai ga shi ana ta karya farashi ba masu saye. Satar ta tarar da majinyaci ne a kwance ta ƙara masa zazzaɓi.

PlayStation 2 ɗin da kanta, wadda aka yi wa cif daga Brazil har Sabon Gari, ta wuce miliyan 150. Nintendo DS ma ta kai wajen miliyan 154 duk da katin R4, ɗan kaset da ake zura wa memori a loda wasa ɗari, wanda sai da Nintendo da wasu kamfanoni 54 suka je kotun Tokyo kafin a haramta sayar da shi a 2009. A ƙasashen da kamfani bai buɗe ko shago ɗaya ba, inda kuɗin faifan asali ya kai albashin wata, arhar jabu ce ta sayar da na'urar. Waɗanda suka ji jiki su ne masu haɗa wasannin, musamman ƙanana, irin dai kukan da 'yan Kannywood suka yi lokacin da kasuwar faifai ta rushe a hannunsu. An ga haka ƙarara a kan PSP, 'yar na'urar hannu ta Sony: na'ura ta sayu kusan miliyan 80, amma cinikin wasanninta a Turai da Amurka ya yi sanyi har manyan kamfanoni suka ja da baya. Da Sony zai fitar da magajiyarta, Vita, sai ya ƙirƙiro mata memorinta na daban mai ɗan karen tsada, mai saye na halak ya biya kuɗin laifin da bai yi ba.

Rikicin PlayStation 3 shi ya fi kowanne zafi. Na'urar ta shekara uku ba a fasa ta ba, kuma wasu na ganin dalili shi ne Sony ya bar wa masu son ƙwaƙule-ƙwaƙule ƙofa ta halak, wato damar ɗora manhajar Linux. Har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su. A Janairun 2010 wani matashi, George Hotz, wanda ya yi suna wajen buɗe iPhone, ya ce ya samu hanyar shiga ta wannan ƙofar. Sony ya toshe ta ga kowa da kowa a watan Afrilu, har da waɗanda don ita suka sayi na'urar. Abin ya harzuƙa gwanayen da a da ba ruwansu. A Disamban shekarar, a wani taron 'yan kutse a Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta tona abin kunya: akwai wata lamba da ya kamata ta riƙa sauyawa duk lokacin da Sony zai buga hatiminsa a kan manhaja, sai aka bar ta guda ɗaya tilo, wanda hakan ya sa da ɗan lissafi ake iya zaƙulo mabuɗin kamfanin. Hotz ya wallafa mabuɗin a intanet, Sony ya maka shi a kotu a Janairun 2011, suka sasanta a Afrilu. A cikin watan ne wasu suka kutsa rumbun PlayStation Network, dandalin Sony na intanet, suka kwashi bayanan asusu miliyan 77. Sabis ya tsaya kwana 23, kamfanin ya ƙiyasta asarar dala miliyan 171.

Tun daga wannan zamanin intanet ta zama sabon kwaɗo. A ƙarshen 2009 Microsoft ya kori dubban ɗaruruwan na'urorin Xbox 360 da aka taɓa cikinsu daga dandalinsa a lokaci guda. Ba sai an kama kowa ba, a raba ka da abokan wasanka kawai ya isa horo.

Nintendo kuma ya koma ga lauyoyi. A 2018 aka gano ɓaraka a cif ɗin kamfanin Nvidia da ke cikin na'urarsa Switch, ɓarakar da ba ta gyaruwa sai an sake ƙera na'ura, kuma ɗan guntun waya da za a haɗa 'yan ƙafafun ƙarfe biyu a gefen dama na na'urar ya isa a buɗe ta. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ƙungiyar Team Xecuter ta mai da abin sana'a, har da sayar da lasisin manhajarta ta sata, kada a sace mata. A 2020 aka kama ɗaya daga cikinsu, Gary Bowser ɗan Kanada, a Jamhuriyar Dominika, aka yanke masa wata 40 a kurkuku da biyan Nintendo dala miliyan 14.5. Sunan nasa ya zo daidai da na dodon da Mario ke yaƙa, abin da ya ba 'yan jarida nishaɗi. Ya fito a 2023, ya ce za a riƙa cire kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na abin da yake samu. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch a kan kwamfuta, suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Nintendo ya shaida wa kotu cewa an sauke sabon wasan Zelda na 2023 fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa. Wannan wasan dai shi ne ya sayar da kwafi miliyan 10 a kwana uku.

Gab da fitowar Switch 2 a Yunin 2025, Nintendo ya sauya ƙa'idojinsa na Amurka, ya rubuta cewa yana da ikon mai da na'urar da aka yi wa kutse mara amfani har abada. Na'urar da ka sa kuɗinka ka saya ke nan, mabuɗinta na can Kyoto, hedkwatar Nintendo.

Kwanakin baya na leƙa wani gidan gem a unguwarmu. Jakar faya-fayai ta ɓace, yanzu PlayStation 4 ce guda uku, an loda musu wasanni a ciki tun daga kasuwa. Wani yaro ya danna wani wuri, rubutu ya fito a talabijin yana tambaya ko a sabunta manhajar na'urar. Mai shagon ya yi tsalle daga kan benci ya fizge abin wasan daga hannunsa yana cewa, "Kai, kai! Kada ka kashe min jari!" Tun ranar da ya saye su bai taɓa barin ɗaya ta hau intanet ba.